Tafiyar da Inna ta ɓoye wa na'ura

Ana idar da sallar asuba muka bar Mungadi, ni da Inna. Ciwon suga gare ta, kuma wata kanta a tafin ƙafarta ta fara tsagewa. Da haka na yayarta ya fara, har aka yanke ƙafar. Shi ya sa da na ji an kawo na'urar hoton tafin ƙafa wani asibiti a Aliero, ta yini guda kacal, ban tsaya shawara da kowa ba.

Motar Maiyama zuwa Jega buhunan albasa ta ɗauko, mu cikon lodi ne. Kuɗin mota kuwa kamar kujerar za a bar mana. A Jega na saya wa Inna ƙosai, ta ce mansa tsoho ne, ta cinye tas.

Na'urar wani shimfiɗaɗɗen faifai ne a ƙasa. Ka taka ka wuce, sai tafinka ya fito a allo da launuka, inda nauyi ya taru ya yi ja. Ma'aikacin, wani saurayi, ya ce Inna ta yi tafiyarta ta kullum.

Matar da ke ɗingishi tun damina, sai ga ta ta miƙe sambal, tana taku ɗaiɗai kamar amarya! Sau huɗu. Saurayin ya ce hoton ba gaskiya ba ne, ga layi na jira.

Na ce, "Inna, ki yi ɗingishinki mana!"

Ta ce, "Gaban ɗan mutane? Ke ɗiyar nan ba ki da kunya. Lahiyata lau."

Na roƙe shi ya fita, ya bar na'urar kunne. Na tsaya can ƙarshen faifan na ɗaga murya: "To a yanke ta, ni dai ba ni goyon ki!"

Ta taso mini da ɗingishinta na gida, hannu a sama. Na sha marin. Amma ga ja nan rau a allo, daidai gindin babban yatsa.

An wanke ciwon, aka yanka mata soso mai rami daidai gurbin ciwon don ta sa cikin takalmi, aka ce ta dawo.

Da magariba muka iso gida, takalmin da sosonsa na ƙafarta. Abin da na koya: duk wayon na'ura, ba ta ganin abin da kunya ta rufe. Sai da kuncina ya shiga maganar.