Ƙofar da Ba Ta Buɗuwa Ta Ciki

Kwana uku ana zuwa gidanmu a Gwandu yi mini barka da arziki, kuma cikin masu zuwan babu wanda ya tambaye ni abin da ya faru. Kowa ya riga ya ji a tasha. Mace za ta shigo, ta zauna a tabarmar Inna, ta dube ni ta ce Allah ya tsare gaba, sannan ta juya ta ba Inna labarin kamar ita ce ta jiƙe. Ni kuwa ina jingine da bango ina sauraro.

To bari in faɗa da bakina.

Tun da na gama sakandare na samu aiki a Kalgo, a wani shagon buga takardu da kwamfuta. Ina tafiya safiyar Litinin, in kwana gidan Goggo, ƙanwar marigayi babana, in dawo yammacin Alhamis. Da aikin nan muke ci, ni da Inna, ba mu da wani. Mota biyu nake hawa: ta Gwandu zuwa Birnin Kebbi, sannan ta Kalgo.

Wanda bai taɓa shiga motar tasharmu ba sai in ce ya gode wa Allah. Mutum biyu a gaba, huɗu a baya, a kujerar da aka ƙera don uku. Ba a zama a jere, sai ɗaya ya jingina, na kusa da shi ya zamo gaba, kamar jeren buhuna. Idan mace ɗaya ce a cikin maza, sai a ce ta shiga ta farko ta zauna jikin ƙofa, wai don mutunci, kada a sa ta tsakanin maza biyu. Na daɗe ina jin daɗin wannan mutuncin. Ban taɓa tsayawa na duba cewa ƙofar da ake girmama ni da ita ba ta da hannu ta ciki ba. Rami ne kawai a wurin. Shi kuma hannun murɗa gilashi guda ɗaya ne a motar duka, yana aljihun direba, sai an roƙa ya miƙo, a murɗa, a mayar masa.

Ranar Litinin ɗin da abin ya faru tsakiyar damina ne, an kwana ana ruwa. But ɗin mota ya cika, ga kuma buhun masara da ya rage. Ɗan kamasho, wani dattijo mai jan gemu, ya leƙo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Ɗiyata, ke ag gajera, ɗan ɗaga ƙafa." Aka cusa buhun tsakanin ƙwaurina da bayan kujerar direba. Na gyara zama. Wa ya taɓa cewa komai?

Mun wuce Kambaza da kaɗan sai direba ya sauka daga kwalta ya kama wata hanyar ƙasa. Wani malami da ke gaba ya ce, "Malam direba, ina kuma munka nufa?"

"Minti biyu, Malam. Saƙon surukina zan aje."

Ashe buhun da ke kan ƙafata shi ne saƙon. Mutum shida masu sammako, kowa da inda ake jiransa, aka kwashe mu gaisuwar surukai.

Hanyar ta ratsa wata ƙaramar fadama, akwai kwalbati a tsakiya, amma ruwa ya rufe shi. Direba ya tsaya, ya leƙa, ya ce ya san wurin nan kamar ɗakin uwarsa. Sai ya shiga. Na ji taya ta goce, gaban motar ya nutsa, inji ya mutu. Ruwa ya fara ɓullowa ta ƙasa, ja, mai sanyi. Direba ya tokare ƙafa ya tura kujerarsa baya don ya samu fita, kujerar ta danne buhun, buhun ya danne ni. Mazan da ke baya suka fice ta ƙofar dama, na ƙarshensu ya taka mini gefen hijabi. Kafin in ɗaga kai duk suna kan tudu, suna share wayoyinsu da riga, suna zagin direba.

Na sa yatsa a ramin da hannun ƙofa ya kamata ya kasance. Na ƙwaƙula har farcena ya karye. Gilashi a rufe yake saboda ruwan safe, hannunsa kuma ya haye tudu a aljihun mai shi. Ruwa ya zo gwiwa, ya zo ƙugu, ya taɓa haƙarƙari. Na buɗe baki in yi kira, murya ta ƙi fitowa. Ina ganinsu ta gilashi, ba nisa, ina ma jin abin da suke faɗa. Musu suke yi a kan ko jan motar za a yi da shanu ko turawa.

Wata tsohuwar Bafulatana ce ta zo ta ɗaya gefen, ta naɗe zane, tana ratsa ruwan da ƙwaryar nono a ka. Ta leƙo, muka haɗa ido. Ta sa yatsu biyu ta ja hannun waje, ƙofa ta buɗe. Ko ƙwaryar ba ta sauke ba. Ta kama kunnen buhun ta ja gefe, ya faɗa ruwa, ta ce, "Hito, ɗiya." Shi ke nan. Yatsu biyu. Daga baya mazan suka ce ai ruwan ba zai wuce ƙirji ba. Daga kan tudu suka auna. Direba kuwa abin da ya fara tambaya shi ne wa ya jefa masarar surukinsa a ruwa.

A rana ta uku Kawu ya zo, ƙanen Inna. A kan sitiyari ya tsufa, yanzu yana cikin manyan tasha, waɗanda suke zama a benci suna raba layi. Ya zauna bakin ƙofa, ya yi mini barka, ya ce an yi wa yaron faɗa sosai. Yaron da yake nufi yana da furfura.

Ban san lokacin da maganar ta fito ba. Na ce, "Da jirgin ƙasa gare mu, da ban ƙara shiga mota ba."

Kawu ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya dubi Inna ya ce, "Yaya, kin ji ɗiyarki? Sau guda anka sa ta jirgi, ta dawo muna Baturiya."

Gaskiya ne, sau ɗaya na taɓa hawa. Shekarar da yayata ta haihu a Kaduna na je zaman jego, sai mijinta ya tura ni Abuja in karɓo wasu takardu wurin ƙanwarsa, na je da safe na dawo da yamma. Abin da ya fi tsaya mini a rai ba gudu ba ne, ba sanyin ciki ba ne. Kafaɗuna ne. A ranar na fara jin kafaɗuna biyu sun jingina da kujera lokaci guda. An ba ni takarda mai lamba, na tarar da lambar a jikin kujera, babu kowa a kai, ba a kuma ce in matsa ba. Matar da ke gefena ta ce mini kullum haka take zuwa aiki ta dawo, ta cire takalmi, ta yi barci. Barci, a hanya. Ni kuwa ina ta kallon ƙafafuna, babu kaya a kansu.

Kawu ya fara lissafa mini alherin mota da yatsu. Ya ce jirgi ba ya zuwa ƙofar gidan kowa. Ba ya jiran tsohuwa ta gama alwala. Idan ka manta kaya ba ya komawa. Ba ya ɗaukar akuya. Ba ya karɓar saƙon magani ya kai wa mara lafiya a ƙauye. Ya ce, "Jirgi bai san kowa ba, ɗiyata. Mota kau ta san mutane, tana da zumunci."

Na ce, "Kawu, ai zumuncin nata ne ya kai ni fadama."

Inna ta harare ni. Na sunkuyar da kai, amma ban yi shiru ba, don tsoro ya cire mini kunya a kwanakin nan.

"Abin da nike so ke nan, Kawu. Abin hawan da bai san kowa ba. Wanda ba shi da suruki bayan Kambaza."

"To shi jirgin naki ba a jin labarinai? Shi ba ya ɓaci? Ba a tare shi?"

Ana ji, ban musa ba. Ban ce wanda ya shiga jirgi ya fi ƙarfin ƙaddara ba. Amma ko mene ne zai same shi, a kan hanyarsa zai same shi. Direbansa ba zai ga dama ya ce minti biyu ba, don ƙarfen da yake bi bai je gidan surukin kowa ba. Lokacin tashinsa a rubuce yake, ko ya makara akwai abin da za a ce ya saɓa. Motarmu kuwa ba ta taɓa makara ba, tunda ba ta taɓa yin alkawari ba. "Saura mutum guda" ne agogonta. Na sha zama tun hantsi ina jiran mutum gudan nan, alhali biyu daga cikin na ciki 'yan tasha ne da suka zauna don a ga kamar an kusa cika.

Kawu ya ce abin da muke bukata a nan shi ne a faɗaɗa kwalta, a kawo sababbin motoci a raba wa direbobi. Na yi tunanin sabuwar mota a hannunsu. Kafin kaka an cire hannuwan gilashi an bar ɗaya, kafin wata damina hannun ƙofa ya karye an ce za a gyara ranar kasuwa. Kwalta kuma ko an yi ta da faɗin filin idi, wa zai hana mutum sauka daga kanta? Ban faɗi wannan ba. Na dai ce, "Kawu, shi hannun ƙofar, an sa mata?"

Ya ce, "Wane hannu?"

A nan na gane ko labarin ƙofar bai kai tasha ba. A wurinsu mota ta faɗa ruwa, an jawo ta, masara ta jiƙe.

Ranar Asabar matar da ke da shagon ta bugo waya. Ta yi mini barka da kyau, sannan ta ce lokacin da ɗalibai ke kawo aikin kammala karatu ne, takardu sun taru, idan ba zan iya zuwa Litinin ba in gaya mata tun yanzu ta nemi wata. Ba ta yi laifi ba. Inna tana jin komai, ta ce, "In ba ki iyawa, ki bari. Allah na nan." Ta faɗa tana kallon tukunya. Na san abin da ke cikin tukunyar da inda yake fitowa.

Tsakanin Gwandu da Kalgo babu layin dogo, ko taku ɗaya. Duk surutun da na yi wa Kawu, ranar Litinin tashar nan dai na nufa. Ashe Kawu ya riga ya ba da labari. Ina shigowa mai jan gemu ya ce, "Ga Hajiyar jirgi. Hajiya, tarago na nawa za a ba ki?" Benci ya kwashe da dariya.

Motar da ke kan layi wata ce daban, direban ma daban. Na buɗe ƙofar baya na duba. Rami.

Na ce, "Malam direba, ba ni hannun gilashi."

"Sai mun kama hanya, Hajiya."

"Yanzu nike so."

Ya dubi benci, ya dubi Kawu. Kawu ya kau da kai yana gyaran hula. Direba ya laluba aljihu ya miƙo. Na shiga, na murɗe gilashin har ƙasa, na zare hannun na jefa cikin jakata.

"A'a, Hajiya, ai na mota na."

"In mun kai Birni in ba ka."

Mai jan gemu ya zo da wani ƙullin kaya yana duban ƙafafuna. Na dube shi. Ya zagaya da shi ɗaya gefen.

Na fitar da hannuna na hagu ta taga, na kama hannun ƙofa na waje, wanda tsohuwar nan ta ja da yatsu biyu. Haka muka tashi. Wani da ke kusa da ni ya ce iska ta yi yawa, na ce ya yi haƙuri. Da muka zo mararrabar nan bayan Kambaza na rufe ido ina karanta duk addu'ar da na sani, ina jin ƙarar taya, ina jira ta canja daga ta kwalta zuwa ta ƙasa. Ba ta canja ba. A Birni na mayar masa da ƙarfensa, na je motar Kalgo na sake roƙon wani, aka sake dariya.

Na isa shago hannuna ya mutu har kafaɗa. Shafi uku na farko da hannun dama kaɗai na buga su, matar shagon tana kallona.

Har yau haka nake tafiya, Litinin da Alhamis, ko ana ruwa. Rannan Goggo ta kama hannuwana biyu ta jera su a hasken tsakar gida, ta ce me ya sa na hagu ya fi na dama baƙi.