Neman Gwaggo daga Wagini zuwa Safana

Ana idar da sallar asuba muka bar Katsina, ni da ƙanena, muka nufi Batsari. Gwaggonmu za mu ɗauko. Tun bara wani kumburi ya fito mata a mama, amma sai makon jiya aka ga damar sanar da ni.

Abin haushin shi ne, aikina ke nan. A ɗakin binciken da nake karatu muna gwada wani sinadari da ake yi wa ɓera allurarsa. Yakan je ya manne wa ƙwayoyin sankara, a haska fitila su yi ƙyalli, daga baya ya narke, jiki ya fitar da shi. Ina gano ciwon ɓera tun bai kai ƙwayar gero ba, na gwaggona kuwa an ɓoye mini.

Direba ya cusa mu kamar buhunan wake. Kuɗin mota ya ninka, da ka yi magana sai ya ce mai ya yi tsada. A Batsari muka karya da ƙosai, shi ma ya rame. Daga nan babur har Wagini. Gonakin bakin daji duk ciyawa ta cinye su, ba mai iya zuwa saboda 'yan bindiga.

Gidan a rufe muka tarar. Maƙwabcinta ya ce tun harin kwanakin baya ta koma wajen 'yarta a Safana. Wannan ma ba wanda ya faɗa mana.

Bayan azahar muka sami Gwaggo a Safana, ta shafe wurin da wani baƙin magani. Na yi mata bayanin aikina don ta yarda da asibiti.

"To ka zo da fitilar?"

"Gwaggo, ba a fara yi wa mutane ba tukuna."

"Ashe ɓeraye ke morarka. Ba inda za ni, yanke ni za su yi."

Na gaji da lallashi na fito zaure. 'Yarta ta biyo ni, murya ƙasa-ƙasa ta ce ita ma tana jin wani ƙullutu, ƙarami, ta rasa wa za ta gaya wa. Ashe Gwaggo na bakin ƙofa. Sai Gwaggo ta ce a ɗauko mata mayafi.

"Rakiya zan yi mata, ba don kaina ba."

Washegari muka biyo ta Dutsin-Ma muka dawo Katsina mu huɗu. An duba su duka biyun. Na 'yar an kama shi da wuri, na Gwaggo ya yi nisa, amma ta karɓi magani. Na koyi cewa ciwon da mutanena suka yi shiru a kansa, ba fitilar da za ta gano shi. Yanzu duk Juma'a sai na kira gida na yi tambaya, ko za a ce na cika naci.