Tsummokaran Mai a Ƙarƙashin Tebur

Shekarar da Inna ta zo London a duba mata gwiwa na sayi teburin. Wata Asabar ina dawowa daga cefane a titin Rye Lane na hango shi ta gilashin wani shagon tsofaffin kaya, dogo, mai siraran ƙafafu da durowa uku a dama. Mai shagon, wani tsohon Bature da hannunsa ke rawa, ya ce katakon tik ne, an ƙera shi tun kafin a haife ni. Ya sa na ja kowace durowa in ji ko tana cijewa, ya haska mini ƙarƙashin da tocila in ga babu hudar ƙwari. Saman ne kawai ya bushe ya yi fari-fari. Ya haɗa ni da gwangwanin mai, ya ce in shafa, in bari katakon ya sha, sannan in goge. Ya ƙara da wata magana, amma hankalina yana kan mai motar da zai kai mini teburin gida.

Ɗakin da Inna ke kwana nan ne kaɗai ke da wuri, can aka ajiye shi. Ranar Litinin da safe na yayyage wani tsohon zanen gado na shafe shi tas. Katakon ya fito ja kamar zuma, har Inna ta ce, "Ashe dai ba asara kika yi ba." Lokaci ya ƙure mini, sai na dunƙule tsummokaran na cusa a wani kwali mai tsofaffin takardu, na tura ƙarƙashin teburin kusa da hitar ɗumama ɗaki, na fita.

Da rana a ofis na nuna wa abokiyar aikina hoton. 'Yar Jos ce, ta girme ni, mijinta kafinta ne. Ta yaba, sannan ta ce, "Ina kika sa tsummokaran?"

Na faɗa mata. Ta ajiye cokalinta.

"Ba ki jiƙa su a ruwa ba? Ƙanwata, irin wannan man in aka dunƙule tsummansa, da kansa yake ɗaukar zafi ya kama wuta. Wa ke gidan?"

A lokacin na tuna tsohon ya ambaci bokiti da ruwa.

Flat ɗina a hawa na tara yake, kuma a satin lift ɗin hawa benen ya lalace. Inna da sanda take tafiya, ba ta jin Turanci. Na kira wayarta, ta yi ta ringin ba a ɗauka ba. Na kira maƙwabciyata, ta ce tana wurin aiki. Na fice daga ofis ko jakata ban ɗauka ba, waya da makulli kawai.

A tashar Charing Cross aka ce an soke jirgin ƙasan da zan hau. Na fito da gudu na faɗa bas. Ban taɓa sanin bas na tsayawa da yawa haka ba. Duk motar da ta wuce da jiniya sai in bi ta da ido in ga ina ta nufa. Sau biyu na danna lambar 'yan kwana-kwana ina gogewa, wai kada su fasa ƙofa su firgita Inna a kan abin da wataƙila ba komai. Har yau in na tuna wannan shawarar sai raina ya ɓaci. Kiran Inna kuwa ban fasa ba, ina yi ina salati a fili, har matar da ke kusa da ni ta matsa.

Na hau benen ina haki. Tun daga hawa na takwas na ji wari, kamar an bar kasko a wuta. Na buɗe ƙofa na faɗa ciki.

Inna na zaune a bakin gado da carbinta, rediyo na yi. Wayarta na kicin tana caji. Daga ƙarƙashin teburin wani siririn hayaƙi ke fitowa, bai kai ga ƙararrawar wuta ta yi kuka ba.

"Lafiya kika dawo yanzu?"

Na ja kwalin da ƙafa, na ɗauki butar alwalarta na juye a kai. Ya yi cuu. Da na buɗe dunƙulen da cokali a banɗaki, tsakiyarsa ta zama baƙi ƙirin, takardun da ke ƙasa sun fara cin wuta.

"Ni na ɗauka man teburin ne ke wari," in ji ta. "Har na rufe taga don sanyi."

Na zauna a ƙasa jikin gwiwarta mai ciwo. Ta dafa kaina tana tambaya ko an kore ni daga aiki ne. Na ce a'a. Ban yi mata cikakken bayani ba sai bayan ta koma Kano da wata biyu, a waya. Ta ce in je in yi sadaka. Washegari na yi.