Ba A Karɓar Kati Ƙasa Da Dubu Biyar

A lokacin da takardun kuɗi suka yi wuya, albashina a waya kawai nake ganinsa. Ina koyarwa a wata firamare da ke gefen Malumfashi, ina kuma taɓa noman masara a hanyar Kafur. Mahaifina yana zaune a gidana, hawan jini ya sa shi gaba, akwai ƙwayar da yake sha kowace safiya, wadda likita ya ce kada a kuskura a tsallake.

Kemis ɗin da nake sayenta na wani Alhaji ne ɗan unguwarmu, na yi shekaru ina ciniki a wurinsa. Ranar da ƙwayar ta ƙare na je da katina na banki, sai na tarar ya liƙa kwali a jikin kanta, an rubuta da baƙar tawada: ba a karɓar kati ƙasa da dubu biyar, kuma cajin na'ura a kan mai saye yake. Maganin Baba kuwa bai kai dubu uku ba.

Na ce, "Alhaji, ai wannan kwalin ba da mu yake ba, ko?"

Bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Da kowa yake, Malam. Ka ƙara da maganin ƙarin jini ko man zafi, ya cike."

"Ba na buƙatarsu. Na tsohon nan ne, ka san shi, ka san halin da yake ciki."

"Allah Ya ba shi lafiya. In ba za ka ƙara ba, ga mai POS nan a waje, ka ciro tsaba ka kawo."

Mai POS ɗin ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, yana zaune ƙarƙashin lema a bakin ƙofar. Na bi layi cikin rana. Da aka kusa zuwa kaina kuɗinsa suka ƙare, sai ya miƙe ya shiga kemis, ina kallonsa ya ja durowar yayansa ya ɗebo takardu. Su ya miƙo mini, bayan ya yanki cajin da ya isa kuɗin mashin zuwa gonata da dawowa. Na juya na shiga na ba Alhaji, ya mayar da su cikin durowar da suka fito. Kafin in ɗaure ledar maganin, ƙanin ya sake leƙowa ya kwashe su, zai sayar wa wata tsohuwa da ke bayana.

Na kama hanyar gida. Ban gaya wa Baba ba, na dai ba shi ƙwayarsa ya sha.

Bayan 'yan kwanaki na haɗu da uban wata ɗalibata, ma'aikacin banki ne. Na ba shi labari, ya ce shi dai a saninsa, idan ciniki aka yi a shago, ɗan abin da banki ke cira mai shago ne ke ɗaukarsa, kuma bai san inda aka ce a yanka wa kati iyaka ba. Da zafina na koma kemis, na faɗa wa Alhaji haka a gaban mutane.

Ya yi dariya. Ya ce, "To Malam, shi mutumin bankin ya sayar maka da magani mana. Shi ya biya mini haya? Shi ke zuba mini mai a janareta?"

Na ce, "Jinin marasa lafiya kuke sha, kai da ƙaninka."

Alhaji ya miƙe tsaye. Ya nuna mini ƙofa, ya ce kada ya sake ganin ƙafata. Na ce ko da kyauta yake rabawa ba zan dawo ba. Ƙanin ya taso yana naɗe hannun riga, wani mahauci da ya zo sayen maganin tari ya shiga tsakani, ya tura ni waje.

Dattawan unguwa sun so su sasanta mu. Alhaji ya ce sai na janye maganar jini, ni kuma na ce sai ya cire kwalin. Babu wanda ya motsa. Da zancen ya kai kunnen Baba, ya kira ni ya yi mini faɗa, ya ce ba ya son a yi gaba da sunan ciwonsa. Na sunkuyar da kai na ce to, amma ban koma ba.

Yanzu kuɗi sun wadata, tsabar ma tana hannuna, duk da haka ƙarshen kowane wata nakan hau mota zuwa Funtuwa, wani kemis kusa da tasha inda ake zura kati ko na nawa ne ba a ce maka komai. Matata ta ce kuɗin motar da nake kashewa ya ninka cajin da nake gudu. Gaskiya ta faɗa. Na ce mata direba aƙalla yana kai ni wani wuri. Ta taɓe baki, ta ce tunda dai sai na je, in taho mata da tsakin masara da man ja.