Ranar da Aka Tsallake Sunan Umma

Wata Talata ce a watan Maris na 2017 na fara ganin teku da idona, ina da shekara goma sha ɗaya. Muna cikin wata farar bas mai labule, mata kusan ashirin sai ni yarinya ɗaya tilo, direban ya ja ya tsaya a inuwar wasu bishiyoyin dabino. An hana kowa sauka, amma da na ishe shi da leƙe sai ya buɗe ƙofa ya ce mini da Larabci, "Yalla!" wato in je. Ai kuwa na kwasa a guje, takalmina ɗaya ya maƙale a yashi ban ko waiwaya ba. Ruwa ya taso ya rufe mini ƙafa, na ƙwalla ihu, na ɗebo da tafin hannu na kurɓa, gishiri ya sa na yi ta tofar da yawu ina dariya ni kaɗai. Direban har askirim ya saya mini. Na dawo baki har kunne ina zuba wa Umma labari, ita kuwa ko kallona ba ta yi ba, tef ɗin awo na rataye a wuyanta, carbi take ja da sauri. Na ce a raina, su dai manya wallahi ba su san daɗi ba.

Shekara guda kafin nan muka bar Ɗorayi a Kano, bayan rasuwar Babanmu. Umma tela ce, kuma hannunta na da kyau ƙwarai a kan aikin dutse da surfani. Wani dillalin aiki ya ce akwai kamfanin ɗinkin abaya a Dubai da ke neman irinta, za a shiga da bizar ziyara ta wata uku, kafin ta ƙare mai kamfani zai yi mana takardar zama, ni kuma a sa ni makaranta. Ranar da muka sauka mai kamfanin ya karɓi fasfo ɗinmu biyu, wai don a fara aikin takardun. Arbab ake ce masa, haka ma'aikata ke kiran maigida a can. Mutum ne mai fara'a, ga ƙamshin turare, bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Duk wanda ya tambaye shi takarda sai ya dafa ƙirji ya ce, "Gobe, inshallah." Wata ukun ya wuce, goben ba ta zo ba, muka wayi gari mun zama masu laifi a ƙasar mutane ba tare da mun motsa daga kan kujerar ɗinki ba.

Kamfanin wani ƙaton sito ne a unguwar Al Warsan, cikin jerin situna masu kama ɗaya. A ƙasa kekunan ɗinki talatin, a sama an yi dakali da katako an jera gadaje masu hawa biyu, nan muke kwana. Aikina shi ne tsince zare daga jikin abayar da aka gama, da ware duwatsun ado launi-launi a cikin murafan robobi, da zura wa masu raunin ido zare a allura, da cika wa Anti Saratu ruwan dutsen guga. Anti Saratu 'yar Kafanchan ce, Kirista, doguwa mai baki, ita ke guga, kuma ita kaɗai ke wasa da ni. Da maɓallai muke carafke a kan kwali, in na cinye ta sai ta ce, "Ke Bilki, wannan hannun naki na ɓarayi ne." Ma'aikatan wurin iri biyu ne. Akwai masu kati, wato takardar zama, su goma sha ɗaya, mota ke kawo su daga unguwar Muhaisnah da safe ta mayar da su da yamma, ranar Juma'a su huta. Sai mu marasa kati, aikinmu ya fi nasu tsawo, albashinmu bai kai rabin nasu ba, kuma ko ciwo mutum yake sai dai a miƙo masa ƙwayar ciwon kai. Wa za ki kai wa ƙara, alhali ke ce za a fara kamawa?

To ranakun yawo kuwa, ga yadda suke. Hukuma kan turo jami'ai su duba kamfanoni lokaci zuwa lokaci, wai bagatatan. Amma mu ba a taɓa zuwa mana bagatatan ba. Da hantsi wayar manajan da Arbab ya ɗora a kanmu za ta yi ƙara, ya saurara, ya fito da takarda ya hau kiran sunaye. Duk wadda aka kira ta bar abin da take yi ta shige bas, a ja labule, a yi ta zaga gari da mu har a bugo a ce mu dawo. Wanda ke buga wayar nan har yau ban san shi ba. Ni dai abin da na sani, a ranakun ne kawai nake ganin waje: dogayen benaye, jirgin ƙasa mai tafiya a sama, furanni a tsakiyar titi. Matan na zaune suna addu'a ƙasa-ƙasa, ni ina manne da taga. Allah ya yafe mini, har addu'a nakan yi bayan salla in ce Allah ya kawo masu bincike gobe.

Abin da ke ci mini rai ɗaya ne, makaranta. Aji huɗu na firamare na baro a gida, kuma ba na wuce na uku a ajinmu. A nan kuwa kullum da sassafe sai in tsaya a tsagar ƙofar sito in ga motocin makaranta masu launin ɗorawa suna wucewa cike da yara sa'o'ina, kowa da jaka a baya. Anti Saratu ta yi iya ƙoƙarinta, tana rubuta mini lissafi a bayan kwali da allin tela, har ranar da ta ajiye allin ta ce nata ilimin ya ƙare. Babu makarantar da ke ɗaukar yaron da ba shi da kati. Ana haka a 2018 labari ya bazu cewa hukuma ta yi afuwa, duk wanda bizarsa ta mutu ya zo ya gyara zamansa. Tun daga ranar na sa wa Umma ƙahon zuƙa. In ta zauna ina kanta, in ta tashi ina bayanta. Ta ce in yi haƙuri, na ƙi. Wata rana ina tsintar zare na yi jifa da abayar, na ce mata a gaban mutane, "Kawo ni kika yi in tsufa ina tsintar zare?" Kekuna suka yi tsit. Umma ba ta mare ni ba, da ma ta mare ni. Sai ta miƙe ta gyara mayafinta ta nufi ofishin Arbab.

Sau uku tana shiga ofishin nan. Na farko ya ce gobe. Na biyu ya ce fasfo ɗin na wajen lauya. Kafin na uku wa'adin afuwar ya ƙare, kuma a ranar ne na ji muryar Umma ta bango tana cewa in bai ba ta ba, da ƙafarta za ta je ta faɗa wa hukuma inda fasfo ɗinta yake. Ya rako ta har ƙofa yana murmushi.

Makonni kaɗan bayan nan, a watan Fabrairu na 2019, wayar manaja ta yi ƙara. Na yi tsalle na ɗauko takalmina. Ya kira sunaye ɗaya bayan ɗaya, ya kira Anti Saratu, ya naɗe takardar. Ban ji na Umma ba. Na ɗauka mantuwa ce, na ruga na kama ƙofar bas ina cewa saura mu, manaja ya ɓamɓare hannuna ya ce, "Khalas, shi ke nan, mota ta cika." Ga kujeru ina gani babu kowa a kai! Anti Saratu ta ɗaga labule tana dukan gilashi, motar ta ja. Na juyo na tarar Umma ba ta ko tashi daga kan kekenta ba, hannun wata abaya take ƙarasawa.

Jami'ai uku ne suka zo, kuma ba zan yi musu ƙarya ba, ba su wulaƙanta mu ba. Ɗaya har ruwan sanyi ya miƙo mini. Suka duba katin masu kati, suka zo kan Umma, ta ce ba ta da shi. Aka kira Arbab, ya dube ta kamar yau ya fara ganinta, ya ce da safen nan ta shigo neman aiki ana gwada ta. Matar da ta yi masa kusan shekara uku! Na buɗe baki, Umma ta matse mini hannu. Abin da har yau ke ƙona mini rai shi ne wannan: kekuna talatin a gabansu, mutum goma sha biyu a kai har da Umma. Sauran kowanne da abaya rabin ɗinki a ƙarƙashin allura, ga silifas a ƙasa, ga shayin da bai huce ba, ga tsanin da ke hawa wurin gadajenmu. Ni yarinya na gani, su manya da idanunsu ba wanda ya tambaya. Suka cike takardunsu, suka gaisa da Arbab, suka tafi da mace ɗaya da 'yarta.

Mun yi kwanaki a inda ake tsare mata masu yara. A kwana na biyu fasfo ɗinmu suka iso, wai tsintar su aka yi. Aka buga wa Umma hatimin hana dawowa, aka sa mu a jirgi. Ko sallama ban yi da Anti Saratu ba, kuma ban sake jin labarinta ba. A Kano muka sauka gidan kawuna da jaka ɗaya. Aka sa ni aji shida ina da shekara goma sha uku, na fi kowa tsawo, yara na kira na Antin aji. Na samu makarantar da nake nema, amma duk safiyar da na sa kayan makaranta na ga Umma tana aron keken maƙwabta don ta yi facin tsofaffin kaya, sai in ji kamar in cire su. Na yarda a raina bakina ne ya jawo mana.

Bana nake gama sakandare, shekarata ashirin. Umma tana da kekenta yanzu a soron gida, idonta ya yi rauni, ni ke zura mata zare. Wata da ta dawo daga can ta ce siton na nan yana aiki, an kawo sababbin mata daga wata ƙasa. Kwanakin baya na yi ta maza na durƙusa gaban Umma na ce ta yafe mini, da na yi shiru da ba a kore mu ba. Ta tsayar da keken. Ta ce, "Kin ɗauka ban san abin da zai biyo baya ba? Mata biyu sun tambaya kafin ni, a kan idona aka bar su a baya. Tun da na gyara mayafina na san gida za mu, kuma a gida akwai makaranta."

Shekaru ina ɗauke da laifin a kaina, ashe ita ta zaɓa, saboda ni.