Mai-laima da ba ta shan ruwan kowa

Wanda ya ranta wa talaka jari, ya kuma dawo karɓa, mai ceto ne ko abin tsoro? Na daɗe ina juya tambayar nan a shagona na gyaran rediyo, ban sami amsa ba. Na dai ji cewa matar da muke kira Mai-laima za ta ajiye aiki a ƙungiyar ba da ƙananan rance, kuma tun daga lokacin hankalina bai kwanta ba.

Kowace safiya tana bin lunguna da baƙar laimarta, daga mai ɗinki zuwa mai saƙa, tana karɓar biyan mako. Dokarta ɗaya: ba ta shan ruwa a gidan da ake bi bashi. Ko leɓenta ya bushe sai ta ce, "Bakin da ya sha ruwanki ba zai iya faɗa miki gaskiya ba." Mun ɗauka girman kai ne. Da an hango laimar, gida sai ya yi tsit.

Ƙanwata, bayan rasuwar mijinta, ta karɓi rance ta sayi injin niƙa. A tsarin ƙungiyar, mata ke tsaya wa juna. In ɗaya ta gaza, sauran su biya. Da injin ya ƙone, biya ya tsaya. Matan da suke raha tare suka zo da igiya da mai amalanke, za su kwance injin su sayar. Ina tsaye ina kallo. Ban ga laifinsu ba, su ma bakuna suke ciyarwa, kuma wannan ne ya fi tsorata ni.

Sai ga Mai-laima. Ta haye kan injin ta zauna.

"Inna, ki tashi," in ji babbar matan. "Mu ma jini ne a jikinmu."

"Na sani, 'yata. Amma sai ku cire wa mutum ƙafa ku ce ya biyo ku da gudu? Ku ɗauka har da ni, in mai amalanke zai iya."

Mai amalanke ya dube ta sama da ƙasa, ya ce tayarsa ba iska.

Daga nan ofishin ƙungiyar Mai-laima ta wuce, ta roƙi jinkiri a bakin aikinta: in ƙanwata ta gaza, a sallame ta ita Mai-laima. Aka gyara injin. Kowane mako tana zuwa, ba sassauci, ba wulaƙanci. Kowane mako ƙanwata na miƙa ruwa, tana ƙi.

Mai-laima, ke ce inuwar da muka yi ta gudu. Mun gode, Inna. Tsorona shi ne wanda zai gaje ki: zai iya bambance wadda ta ƙi biya da wadda ta kasa? Ku masu tasowa, ku koyi ganin mutum kafin bashinsa.

Jiya, ba ranar karɓa ba, laimar ta shigo lungunmu. Ƙanwata ta kashe injin.

"Inna, lafiya? Ai na kai biyan ƙarshe."

"Shi ya kawo ni. Injin naki ne, ba mai sake zuwa da igiya."

Ta naɗe laimar, ta zauna a benci.

"To, kin tsaya kallona. Ba ruwa a gidan nan ne?"

Ta shanye kofin tas, ta miƙa a ƙaro.