Layin Yaya Murtala

Duk wanda ya taɓa kai takardar neman aiki a buga masa a Rano ya san Jabiru mai kwamfuta. Shagonsa na bakin tasha ɗan ƙuƙut ne, benci ɗaya, injin buga takardu ɗaya, sai fankar da ba ta tashi sai an tura ta da biro. Siririn mutum ne mai ƙarancin magana, ga saurin hannu, kafin ka gama faɗin sunan unguwarku ya rubuta ya sa aya. Iya abin da gari ya sani game da shi ke nan.

A Zinyau aka haife shi, gidan manoma. Mahaifinsu Malam Alu ya rasu Jabiru yana aji uku na firamare, sai yayansa Murtala ya riƙe gida, ya riƙe gona, ya kuma kafe sai ƙanin nan ya yi boko. Shi ya tura shi Kano ya karanto ilimin kwamfuta. Jabiru ya dawo da takarda mai kyau, ya yi shekara biyu yana zaga ofis-ofis har takalminsa ya cinye, bai samu komai ba sai "dawo gobe". A cikin wannan zaman kashe wandon ne ya rubuta wata 'yar manhaja, ya sa mata suna Basilla.

Ga bayaninta yadda ya yi wa matarsa Juwairiyya, wadda ta tambaya sau ɗaya ba ta ƙara ba. Mai rubuta manhaja yana rubutu ne yadda mutum zai iya karantawa, sai wata manhajar ta juya rubutun ya koma fayil na lambobi zalla, wanda na'ura kaɗai ke ganewa. Irin wannan fayil kamar buhu ne da aka cika aka ɗinke bakinsa. Basilla ce ke farke ɗinkin ta nuna maka abin da ke ciki, ga sashen umarni, ga sashen bayanai, ga jerin sunaye, in ka canza wani abu ta mayar ta ɗinke. Umarni bakwai ne kacal a cikinta: buɗe, jera sassa, karanta, nemo suna, rubuta, adana, rufe. Ya ɗora ta a dandalin da masu wannan sana'a na duniya ke ajiye aikinsu kyauta, kowa ya ɗiba.

Ƙanƙantar nan tata ce ta sa aka so ta. Mutanen ƙasashen da bai taɓa jin sunansu ba suka riƙa gina nasu aikin a kanta. Lokaci-lokaci wani ya roƙa a ƙara umarni na takwas, Jabiru ya amsa da layi ɗaya cewa bakwai sun isa. Shekara goma yana haka, tsakanin takardar wannan da gayyatar bikin wancan. Bai sa hotonsa ba, bai sa sunansa ba, "ɗanzinyau" kawai ya rubuta, don a ganinsa sa suna nuna kai ne. Ko sisi ba ta kawo masa, amma ita ce abu ɗaya a duniya da ya san ya yi shi daidai, kuma yana sonta ƙwarai.

To ga inda wautar take. Ranar da dandalin ya ce kowa ya sa lambar waya saboda tsaro, Jabiru yana Zinyau ana cirar gyaɗa, layinsa ko ɗigon sabis babu. Na Murtala kuwa yana kamawa in aka hau surin bayan gida.

"Yaya, ara mini layinka na minti biyu," in ji shi.

"Ɗauka mana. Ni da kai har akwai aro?"

Ya sa lambar a dandalin, ya sa ta a akwatin saƙonsa na imel, da niyyar in ya koma Rano ya canza. Mutumin da ba ya iya barin waƙafi ɗaya a inda bai dace ba, shi ne ya bar mabuɗin aikinsa a aljihun wani shekara takwas. Abin da haushi wallahi. Amma kuma a wajenmu layin yayanka ai layinka ne, kwamfutarsa kuma ba ta taɓa sake tambayarsa lamba ba, sai ya manta.

Murtala ya rasu cikin damina, zazzaɓin kwana huɗu. Bayan sadakar bakwai, da yardar magada, matarsa Fanta ta ƙulle rigunansa da hula da takalma da waya aka bayar sadaka, don ladan ya isa kabarinsa. Jabiru yana zaune a tabarmar ƙofar gida aka wuce da ƙullin ta gabansa, har da shi a masu cewa Allah ya karɓa. Ransa a lokacin yana kan mutumin da ya raine shi, waya ko a zuciyarsa ba ta zo ba.

Shekara ɗaya da 'yan watanni bayan haka janaretan shago ya yi wani tari, wuta ta hau, kwamfutar ta yi ƙauri ta mutu murus. Lambobin ko-ta-kwana da dandalin ya ba shi tun farko, a cikinta ya adana su. Ya samo wata ta hannu, ya rubuta kalmar sirrinsa daidai, sai allo ya ce an tura lamba zuwa layin da ya ƙare da arba'in da ɗaya. Ya daɗe yana kallon arba'in da ɗayan nan kafin ya tuna layin Murtala ne.

Kamar jira ake, a makon nan wani ya gano ɓaraka a Basilla. In aka ba ta fayil mai ƙaryar tsawon sashe, sai ta zarce ta karanta abin da ba nata ba. Jabiru yana iya ganin duk maganar da ake yi, amma ba shi da ikon taɓa komai. Kallo ɗaya ya yi ya ga gyaran, layi uku ne. Masu amfani da ita suka rubuta cewa in ɗanzinyau bai amsa ba nan da kwana talatin, za su kwafe ta su mayar wani wuri a hannun wasu mutane.

Da sassafe ya hau babur sai Zinyau. Ya tarar da Fanta tana sussukar dawa, suka gaisa, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya tambayi wayar.

"Ai Lado aka ba, mai kiwon shanun yayanka," ta ce. "Wani abu ne?"

"Ba komai, Yaya Fanta."

Da wane baki zai gaya wa matar mamaci cewa sadakarta ta cuce shi? Ya wuce rugar su Lado a gefen Madachi. Lado ya shimfiɗa masa buzu, ya kawo nono, sannan ya zaro wayar daga aljihu.

"Wayar ga ta, Malam Jabiru. Layin kam na cire. Kullum sai a kira a ce ina Murtala, in ce ya rasu, a hau salati, wani har kuka. Zuciyata ta kasa ɗauka. A rafi na jefa shi."

Jabiru ya ce ya yi daidai, ya shanye nonon da ƙyar. A ofishin kamfanin layin a Kano aka gaya masa layin da ya daɗe a kashe akan ba wani, kuma wannan an riga an bayar. Saura kwana goma sha tara wa'adin kwana talatin ɗin ya cika. Ya fito ya raɓe a inuwar wani shago ya buga lambar da ya haddace tun yana saurayi. Mace ce ta ɗauka, ta ce sunanta Rukayya, ana jin ƙarar keken ɗinki a kusa da ita.

"Baiwar Allah, layin nan na yayana ne da ya rasu," in ji Jabiru. "Za a turo miki wasu lambobi shida. Don Allah ki karanto mini su, shi ke nan."

Keken ya tsaya.

"Malam, ka ji tsoron Allah. Na makon jiya cewa ya yi daga banki yake, kai kuma da gawa ka zo."

"Ba kuɗi ba ne. Ki faɗi garinku in zo da kaina, ki gan ni."

"In faɗa maka garinmu kuma? Allah ya shirye ka."

Ta kashe. Ya sake kira, ta toshe shi. Ya kasa ko jin haushinta, don da ƙanwarsa ce ta kawo masa wannan labari, abin da zai ce ta yi ke nan.

Ya buɗe sabon shafi a dandalin ya rubuta cewa shi ne ɗanzinyau. Aka amsa cikin ladabi cewa mutum biyu sun riga shi faɗin haka, ya kawo shaida. Wace shaida? Babu hoto, babu suna, akwatin saƙon ma a bayan layin yake kulle. Masu dandalin su ma suka ce ba sa buɗe wa kowa sai da lamba. Juwairiyya ta ga ya daina cin abinci sosai, ta ce ya rubuta wata manhajar mana, tunda kansa na nan. Ya ce to.

Kwana talatin suka cika, aka kwafe Basilla. Sababbin masu riƙon suka toshe ɓarakar da layi ɗari biyu, kafin wata uku umarni sun kai goma sha tara. Duk yana gani. Daga ƙarshe ya haƙura da a yarda shi ne. Ya ce ko sunan ya tafi, a bar shi ya gyara ta kamar kowa. Ya aika musu gyaransa na layi uku, ya sa hannu da Jabiru Alu, karo na farko da sunansa ya hau kan aikinsa.

Amsar ta zo ranar wata Talata bayan azahar, daga wani sabon mai riƙo. Ya gode masa da ƙoƙari, ya ce da alama baƙo ne a nan. Ya ce gyaran bai dace da tsarin mai ita na asali ba, ya je ya zauna ya karanta rubutun ɗanzinyau da kyau tukuna, zai koyi abu da yawa. Sannan ya rufe maganar.

Jabiru ya karanta sau biyu. Ya ɗauki wayarsa ya bi sunayen ciki daga sama har ƙasa, yana neman wanda zai gaya wa, bai samu mutum ɗaya da zai gane abin da aka yi masa ba. Ya rufe shafin, bai ƙara buɗe shi ba har yau.